Mutuwa Biyu a Mota Ɗaya: Binciken Wata Tsohuwar Nissan 350Z a Maraɗi

An kawo mini motar ne a tsakiyar watan Afrilun 2024, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, a lokacin da zafin Maraɗi kan haura digiri 40 tun kafin azahar. Mai ita matashin ɗan kasuwa ne da ke safarar aya da riɗi, kuma ya saye ta ne shekaru uku kafin nan daga cikin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Nissan 350Z ce ƙirar 2004 wadda aka yi wa kasuwar Amurka, mai kujera biyu da giyar hannu shida, tana tuƙi da tayoyin baya. Injinta shi ne VQ35DE, mai silinda shida da girman lita 3.5, wanda kamfanin ya ce yana ba da ƙarfin doki 287. Agogon tafiyarta ya nuna mil 138,000, wato kimanin kilomita 222,000. Irin wannan mota ba ta da yawa a garinmu, domin ƙasa-ƙasa take, titunan unguwanni kuwa yashi ne da ramuka, saboda haka kusan duk garejin da aka kai ta karon farko ke nan da ake buɗe bakin irinta a wurin.

Ƙorafin mai ita gajere ne: motar tana mutuwa. Kafin ta iso wurina ta shiga gareji uku cikin wata guda, an canza mata famfon mai, an canza buji shida, an kuma canza sensar karanshaf, wato na'urar da ke sanar da ƙwaƙwalwar mota juyin inji da inda fistoci suke, har sau biyu, kuɗin da aka kashe ya haura jika 300, amma tsugune ba ta ƙare ba. A gareji na ƙarshe ma an ba shi shawarar ya nemo wata ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, daga waje, wani abokinsa kuma ya ce masa ya je a yi masa addu'a, wai bakin mutane ne ya kama ta. Ban raina addu'a ba, sai dai na roƙe shi ya ba ni mako guda tukuna.

Ban taɓa sifana ba a ranar farko. Na zaunar da shi a benci, na sa yaro ya kawo shayi, na ce, “Alhaji, ina so ka faɗa mini yadda take mutuwa, ba sau nawa ta mutu ba.” Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, “Baba, ai mutuwa mutuwa ce.” Da na ci gaba da jan sa da tambaya, sai bayanin ya rabu gida biyu a bakinsa ba tare da shi kansa ya lura ba. A cikin gari, idan ya taka kuloci zai shiga shataletale ko zai hau tudun rage gudu, musamman in kilim, wato na'urar sanyaya mota, yana kunne, allurar juyin inji takan sauka a hankali, motar ta yi rawa kamar mai jin sanyi, sannan ta mutu, amma yana murɗa makulli take tashi. A kan babbar hanya kuwa, kamar in ya nufi Ɗan Isa ko Madarumfa da rana tsaka, bayan tafiyar rabin awa ko fiye, sai injin ya ɗauke farat ɗaya kamar an zare makulli, ba gargaɗi ba tari, sitiyari ya yi nauyi a hannunsa, kuma ko ya yi ta murɗa sitata ba ta tashi sai ta huce kamar minti ashirin. Ta farkon ta daɗe tana yi masa jefi-jefi, ta biyun kuwa a watan Maris ta fara.

Daga nan na san cewa cuta biyu ce ake ta yi wa magani ɗaya. Injin da iska ko mai ya gaza masa yakan yi jayayya kafin ya mutu, domin wuta tana nan, abin ƙonawa ne ya yi ƙaranci. Injin da ƙwaƙwalwarsa ta daina sanin inda fistoci suke kuwa ba ya jayayya ko kaɗan, domin a take ƙwaƙwalwar ke yanke tartsatsin buji da feshin mai.

Da na jona na'urar bincike a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996, ban tarar da komai ba. Dalili kuwa shi ne duk garejin da aka je sai an cire kan batir don a kashe fitilar gargaɗin inji, a nuna wa mai mota cewa an gyara. Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi ƙwarai, domin tamkar share sawun ɓarawo ne kafin mai bin sawu ya iso. Cire batir yana goge lambobin matsala, yana kuma goge gyaran da ƙwaƙwalwa ta koya wa kanta game da yawan man da take fesawa, abin da ya sa motar kan ƙara rikicewa a cikin gari duk lokacin da ta fito daga gyara. Na mayar masa da motarsa, na ce ya yi yawo da ita kwana uku a kusa, kada ya yi gudu, kuma kada ya bar kowa ya taɓa batirin ko da fitila ta kama.

Ranar da ya dawo lambobi uku ne a ciki. P0171 da P0174 suna nufin iska ta fi mai yawa a ɓangarorin injin biyu, P0335 kuma tana nuni ga layin sensar karanshaf. A nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Lambar ba ta ce sensa ta lalace ba, cewa ta yi saƙon da ake jira daga wannan layi bai iso yadda ya kamata ba, layin kuwa ya ƙunshi sensar kanta, da soket ɗinta, da wayoyi uku, ta wuta da ta mas da ta saƙo, da faifai mai haƙora da take karantawa, da ƙwaƙwalwar da ke karɓa. Wanda ya ga lambar ya ruga kasuwa ya sayo sensa ya zaɓi abu ɗaya cikin biyar ne ya yi caca da kuɗin mai mota. Akwai kuma hoton yanayin inji da ƙwaƙwalwa kan adana a lokacin da matsala ta auku, sai dai guda ɗaya take riƙewa, kuma lambobin da suka shafi mai su ake fifitawa. Hoton da na samu na P0171 ne, yana nuna inji da zafinsa, juyinsa ƙasa-ƙasa. Game da mutuwar kan hanya ba ni da wata shaida sai bakin mai mota.

Abubuwan tushe ba su ɗauke ni lokaci ba. Batir ya nuna bolt 12.6 a kashe, ya nuna 14.1 inji na aiki, wayoyin mas na inji da na jikin mota kuma na kwance su na kankare tsatsa na ɗaure. Sensar zafin ruwa ta yi daidai da abin da ma'auni ya nuna a tiyon lagireto.

Na fara da mutuwar cikin gari domin ita ce ake iya gani ana tsaye. A ralanti, wato inji na juyi ba a taka totur ba, na'ura ta nuna ƙwaƙwalwa na ƙara mai da kusan kashi 20 cikin ɗari a kowane ɓangare, amma da na ɗaga juyin zuwa 2,500 sai ƙarin ya sauko ƙasa da kashi 5. Wannan bambanci shi ne ya wanke famfon mai tun kafin in auna shi. Da famfo ne ya gaza, da lamarin ƙara muni zai yi in an taka totur, domin a lokacin ne inji ya fi bukatar mai. Tunda a ralanti abin ya fi tsanani, to wata iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ba ta bi ta gaban sensar da ke auna iska ba, kuma a ralanti, inda iskar da inji ke sha ƴar kaɗan ce, ƴar ƙaramar ɓula ma babba ce.

Muna da wata na'urar hayaƙi da muka haɗa da kanmu daga gwangwanin fenti, da tiyo biyu, da famfon keke. Muka toshe bakin bututun iska da leda, muka zuba garwashi da tsumma mai ɗan danshin mai a gwangwanin, yarona ya shiga buga famfo a hankali, ni kuma na haska fitila ina kallo. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga wani siririn hayaƙi kamar zare yana tasowa daga ƙarƙashin tiyon da ke kwaso tururin cikin inji daga murfin bawul zuwa bututun iska. Ta sama tiyon lafiya lau yake, har da ƙyalli, amma da na juya shi sai ga tsaga mai tsawon gaɓar yatsa, robar ta bushe ta yi tauri kamar busasshiyar fata, tana karyewa a hannu. Da yawa cikin abokan sana'a fetur suke fesawa a jikin inji yana aiki don su ji inda zai canza murya, ni kam na daina tun ranar da na ga gemun wani ya ƙone.

Ɓular ba ita kaɗai ba ce. Wanda ya mallaki motar a Amurka ya cire akwatin matatar iska na asali ya sa wata buɗaɗɗiyar matata irin wadda ake shafa wa mai, abin da masu son ƙarar inji ke yi. A ƙasar da ba ƙura wataƙila ba laifi, amma a nan, inda hunturu ke tafe da ƙura wata uku cur, man matatar da ƙurar sun haɗu sun yi wa sensar iska rufi, sun kuma taru a maƙogwaron totur sun zama baƙin danƙo. Wannan mota ba ta da wayar totur, ba ta kuma da wani bawul na ralanti daban. Wani ƙaramin injin lantarki ne ke buɗe faifan maƙogwaron gwargwadon umarnin ƙwaƙwalwa, kuma a ralanti buɗewar ba ta wuce siririyar kafa ba, saboda haka danƙo kaɗan ya isa ya shaƙe ta, in kilim ya ƙara wa inji nauyi kuma sai numfashi ya gaza. Na wanke sensar iska da maganin da aka yi domin ta ba tare da na taɓa ƙwayarta ba, na goge maƙogwaron da tsumma bayan na cire soket ɗinsa, na canza tiyo.

Bayan irin wannan wanki dole ne a sake koya wa ƙwaƙwalwa ralanti, in ba haka ba juyin ya tsaya sama ko ya yi ta hawa da sauka. Ana iya yi ba tare da na'ura ba, da ƙafa da agogo kawai. Sai inji ya yi zafi, a kashe kilim da fitilu, a kashe motar, sannan a murɗa makulli ba tare da an tayar ba a jira daƙiƙa 3, a taka totur har ƙasa a saki sau biyar cikin daƙiƙa 5, a jira daƙiƙa 7, a sake takawa a riƙe kimanin daƙiƙa 20 har fitilar inji ta gama ƙiftawa ta tsaya, a saki cikin daƙiƙa 3 a tayar. Sai a karo na uku na dace da ƙidayar. Allura ta zauna a 650, daidai inda littafin motar ya ce, ƙarin man kuma ya sauko kusa da sifili.

Alhaji ya so ya ɗauki motarsa a ranar, yana ta godiya. Na ce masa rabin aiki aka yi, kuma rabin da ya rage shi ne mai iya kashe mutum, domin injin da ya ɗauke ana gudun kilomita 100, da zarar an taka kuloci ya daina juyi, yakan tafi da sauƙin sitiyari nan take, ƙarfin birki ma taku biyu ko uku ne ya rage.

Washegari da ƙarfe biyu na rana muka kama hanyar Ɗan Isa, ni ina tuƙi, yarona na riƙe da na'ura, ma'aunin ƙarfin mai kuma mun jona shi a tsakiyar tiyo, tunda motar ba ta da bakin gwaji, mun manne shi a gilashin gaba. Bayan minti talatin da biyar ta ɗauke. Abu biyu na gani a daƙiƙar: allurar juyin inji ta faɗi ƙasa tim, alhali motar tana cikin giya kuma tayoyi na ci gaba da juya injin, ma'aunin mai kuwa yana nan a kan bar 3.5 bai motsa ba. Injin da ke juyawa amma allura ta ce ba ya juyi, ƙwaƙwalwarsa ce ta makance. A gefen hanya na kuma fahimci abin da ya sa aka canza famfo. In an murɗa makulli famfon kan yi kuka na ɗan lokaci ya yi shiru, ba ya ci gaba sai ƙwaƙwalwa ta ga inji na juyi, don haka wanda ya kasa kunne a tanki bai ji komai ba ya yanke wa famfo hukuncin laifin da ba nasa ba. Muka zauna a inuwar wata bedi har ta huce, muka lallaɓo gida.

Tambayar da ta dame ni a hanya ita ce me ya sa sai a watan Maris. Na kira Alhaji na tambaye shi ko an yi wani aiki a ƙarƙashin motar kafin nan. Ya ce ba komai, sai dai kuloci da aka canza tun watan Disamba, kuma ai lafiya lau ta yi wata uku bayan haka. A wannan inji sensar karanshaf tana can ƙasa ta baya, daidai inda inji ya haɗu da giya, tana fuskantar haƙoran faifan da ke jikin babban faifan da kuloci ke kamawa, kuma ba a sauke giya ba tare da an cire ta an kawar da wayarta ba. An yi aikin cikin sanyin Disamba, cutar ta kwanta, sai da bazara ta shigo ta tashe ta. Tazarar wata ukun ce ta hana kowa haɗa abubuwan biyu.

Muka hau da ita kan rami. Da sanyin safiya na kama wayar na girgiza ta yadda na ga dama, inji ko gezau. Muka rufe bonet muka bar ta tana aiki da kilim kusan awa guda, na jona ƙaramar na'urar da ke zana saƙon wuta a allo a kan wayar saƙo, ta can kusa da ƙwaƙwalwa. Zanen ya fito kamar haƙoran matsefi, a jere, tsayinsu ɗaya, da giɓin da aka bari da gangan yana dawowa a kan ƙa'ida. Na shiga ramin da sandar katako, na ɗan taɓa wayar a wuyan soket, taɓawar da ba ta fi ta korar ƙuda ba. Haƙoran suka zube daga allon, injin ya mutu a kaina. Muka maimaita sau uku, sau uku tana mutuwa.

Da na kwance wayar na fito da ita haske, labarin duka yana jikinta. Maƙalin da ke riƙe ta nesa da salansa ya karye tun ranar aikin kuloci, aka bar ta tana lilo, tazararta da bututun hayaƙi bai fi yatsu biyu ba. Rigar wayar ta gasu ta yi tauri, an naɗe wani wuri da baƙin salatif wanda ya narke ya zama danƙo. Da na feɗe wayar saƙo a wuyan soket, silin jan ƙarfe biyu kacal na tarar a haɗe, sauran sun karye a ciki, bakinsu ya yi baƙi. Ramin soket ɗin kuma ya buɗe, domin masu gwaji sun yi ta cusa masa allura da ƙusa, har ƙafar sensa tana shiga ba ta kama komai. In da sanyi ƙarfe na taɓa ƙarfe saƙo ya wuce, in zafi ya yi yawa roba ta saki, soket ya ƙara buɗewa, girgizar hanya ta ƙarasa sauran. Duk sabuwar sensar da aka sa takan yi kamar ta gyara na kwana biyu, saboda cirewa da mayarwa na ɗan matse haɗin, shi ya sa kowane gareji ya rantse cewa ya gano cutar.

Na samo soket mai lafiya da guntun wayarsa daga wata Murano da ta yi hatsari, wadda injinta ɗan gida ɗaya ne da wannan. Na yanke wayar har inda jan ƙarfenta ke ƙyalli, na haɗa da dalma, na rufe da robar da ke tsukewa in ta ji wuta, na sa mata rigar kare zafi, na mayar da ita hanyarta ta asali da sabon maƙali.

Saura sensoci. Allah ya sa Alhaji mutum ne mai adana kaya, ya zo mini da tsofaffin a leda, har da famfon da aka cire. Na gwada ukun ɗaya bayan ɗaya a jikin motar, ina hura wa kowace zafi da na'urar busar da gashi da muka aro daga shagon kitso na maƙwabta. Ta asalin, wadda aka yanke wa hukunci tun farko, ba abin da ya same ta sai garin ƙarfe da ya taru a bakinta, ina gogewa ta ba da zane mai tsabta da sanyi da zafi. Ta biyu ma ta yi aiki. Ta ukun, wadda ke jikin motar ranar da aka kawo ta, ba ta da tambarin kowa, kuma tana ɗaukar zafi haƙoran zanenta suka fara gajarta suna ɓacewa ɗaya-ɗaya. Ashe gyara na ƙarshe cuta ta uku ya ƙara wa motar, kuma da na tsaya a kan waya kaɗai da ta dawo mini cikin mako. Ban ga laifin wanda ya saya ba sosai, domin iyakar Najeriya ta kasance a rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, kayan gyara sun yi wuya, abin da aka samu a kasuwa shi aka sa. Na mayar da ta asalin, na kuma ba da saƙo a Kano a nemo sabuwa ta kamfani a ajiye a motar, tunda mai shekara ashirin ba a ba ta amana har abada.

Muka sake bin hanyar Ɗan Isa kwana biyu a jere a daidai wancan lokaci, rana ta uku muka je Tasawa muka dawo ba tare da an kashe inji ba. Na bar lambobin ban goge ba, don in ga ƙwaƙwalwar ta kashe fitilar da kanta bayan ta gamsu, kuma ta kashe. Abin da aka saya a wannan aiki duka tiyo ne, da soket na gwanjo, da gwangwanin maganin wanki, da rigar waya, kuɗinsu bai kai jika 25 ba, sauran ladan kwana shida ne.

Abu biyu na rubuta masa a takarda da ba a yi ba. Murfin bawul na hagu yana tsattsafar da baƙin mai ta baya, kusa da sensar kamshaf, kuma in aka bar shi zai jiƙa soket ɗinta. Na biyu shi ne matatar iska, wadda na ce a nemo akwatinta na asali kafin hunturu. Ya amince da na farko, ya kawo motar bayan babbar salla aka canza robar murfin. A kan na biyu kuwa ya yi dariya ya ce, “Baba, wannan ƙarar ai ita na saya.” Muka yi yarjejeniya zai riƙa kawo ta duk wata biyu a wanke sensar iska, tsohon famfon man kuma, wanda na gwada na tarar lafiyarsa ƙalau, yana nan a kan kantata da sunan motar a jikinsa.